Market Theatre: Tsohuwar Kasuwar Kayan Marmari Da Ta Haifi Sarafina

Kusan duk wanda ya taso yana kallon kaset ko faifan CD a ƙasar nan ya san fim ɗin Sarafina, ya san 'yan makarantar nan masu rawa da waƙa a gaban sojoji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin Sarafina ta zama fim, wasan daɓe ce, kuma an fara yin ta ne a wani gidan wasa mai zaman kansa da ke tsakiyar birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Sunansa Market Theatre, wato gidan wasa na kasuwa. Yau na tattaro muku bayaninsa wuri guda: inda yake, waɗanda suka kafa shi, yadda suke haɗa wasa, fitattun wasanninsu, da jaruman da suka fito daga cikinsa har suka kai Hollywood. Ku gyara zama, don bayanin yana da ɗan tsawo.

Da farko, mene ne wasan gwaji?

Wasan daɓe da aka saba da shi yana da tsari sananne. Marubuci ya zauna ya rubuta labari, darakta ya raba wa 'yan wasa, kowa ya haddace nasa, a ƙawata dandali da kujeru da labule da kayan ɗaki, a fito a yi. Wasan gwaji kuwa shi ne wanda ake karya wannan tsarin da gangan don a ga me zai fito. Wani lokaci babu rubutaccen labari sam, 'yan wasan ne ke ƙirƙirarsa a wurin atisaye. Wani lokaci mutum biyu ne za su fito a matsayin mutum ashirin. Wani lokaci ɗan wasa zai juyo ya yi magana da 'yan kallo kai tsaye, ko ya jawo wani daga cikinsu ya hau dandali.

Akwai mutum biyu da ake yawan ambata idan ana wannan magana. Na farko Jerzy Grotowski, ɗan ƙasar Folan, wanda littafinsa Towards a Poor Theatre ya fito a 1968. Ra'ayinsa shi ne, tunda wasan daɓe ba zai taɓa iya gasa da sinima wajen kayan aiki ba, to a cire duk wani ƙyale-ƙyale, a bar abin da sinima ba ta da shi, wato ɗan wasa da ransa da jikinsa a gaban ɗan kallo. Na biyu Peter Brook, Bature ɗan Ingila, wanda shi ma a 1968 ya fitar da The Empty Space. Kuma ku ji wani abu: a ƙarshen 1972 zuwa farkon 1973 Brook ya kwaso tawagarsa suka ratso Sahara daga Aljeriya, suka bi ta Agadas da Damagaram, suka shigo Kano, suna shimfiɗa darduma a fili suna wasa ga duk wanda ya tsaya, ba tare da harshe ɗaya ya haɗa su da 'yan kallo ba. Cikin tawagar har da Helen Mirren, wadda daga baya ta ci Oscar da fim ɗin The Queen. Ku riƙe sunayen mutanen nan biyu, za su dawo a ƙasa.

Ina gidan yake?

Market Theatre yana unguwar Newtown, a tsakiyar Johannesburg. Ginin tsohuwar kasuwa ce da aka gina a 1913, kuma ɓangaren da ya zama babban zauren wasa shi ne inda Indiyawa 'yan kasuwa ke sayar da kayan marmari. A 1974 hukumar birnin ta mayar da kasuwar wata unguwa mai suna City Deep, ginin ya zama kufai, har ana maganar rushe shi. A nan ne wasu 'yan wasa suka nemi a ba su haya.

Da suka karɓa ba su goge kamannin kasuwar ba. Sun bar tsofaffin allunan 'yan kasuwa a jikin bango, kuma sun tsara babban zauren yadda 'yan kallo ke zagaye dandalin ta ɓangare uku. Kun ga ke nan ɗan wasa ba shi da wurin ɓuya, duk inda ya juya akwai ido a kansa. Su kansu 'yan wasan ne suka yi aikin shara da fenti da ɗaukar kaya, don babu kuɗin biyan leburori da yawa.

Su wa suka kafa shi?

Mutum biyu ne a gaba, dukkansu fararen fata 'yan Afirka ta Kudu.

Barney Simon (1932 zuwa 1995) shi ne daraktan fasaha. Ɗan talakawa ne, iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga Lituwaniya. Ya yi aiki a bayan dandali a Landan tare da Joan Littlewood, wata darakta da ta shahara wajen sa 'yan wasa su ƙirƙiri labari da kansu. Da ya dawo gida ya yi aiki da Athol Fugard a wasan The Blood Knot na 1961, inda farar fata da baƙar fata suka hau dandali ɗaya a matsayin 'yan uwa. Ya kuma yi shekaru yana aiki da ma'aikatan jinya a karkara, suna amfani da wasa da waƙa wajen wayar da kai kan lafiya.

Mannie Manim shi ne mai kula da kuɗi da gudanarwa, kuma gwani ne wajen tsara hasken dandali. Yana da babban muƙami a hukumar wasanni ta gwamnati, da albashi mai kyau, ya ajiye don ya gaji da yin wasa ga farare zalla. Su biyun suka haɗu da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiya mai suna The Company, ita ce ta karɓi ginin kasuwar.

Lokacin da aka buɗe shi

Nan ne abin yake da ɗaukar hankali. Ranar 16 ga Yuni 1976 ɗaliban Soweto suka fito zanga-zanga kan tilasta musu karatu da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. A ranar ne aka harbe Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, wanda hotonsa ya zagaya duniya. Kwana biyar bayan haka, ranar 21 ga Yuni, Market Theatre ya buɗe ƙaramin zaurensa na sama da wasan The Seagull na marubucin Rasha Anton Chekhov. A watan Oktoba aka buɗe babban zauren da Marat/Sade na Peter Weiss, wasan da ke nuna masu taɓin hankali a wani asibiti suna kwaikwayon juyin juya halin Faransa a gaban masu tsaronsu. A ƙasar da ke ci da wuta, ba sai an yi wa kowa fassara ba.

Don ku gane nauyin abin, ku tuna yadda dokokin wariyar launin fata suke. Dokar 1950 ta raba unguwanni bisa launi. Dokar 1953 ta raba wuraren jama'a, daga benci har banɗaki. A 1965 aka ƙara tsaurara doka yadda baƙi da farare ba za su zauna zaure ɗaya su yi kallo ba sai da izini na musamman. Sannan ga hukumar tace littattafai da wasanni da ke iya haramta duk abin da ba ta so. Baƙar fata kuma dole ya riƙa yawo da littafin izinin zama a aljihu, wanda suke kira dompas. In babu shi, sai ofishin 'yan sanda.

To ta yaya Market ya buɗe ƙofa ga kowa? Abu biyu ne suka taimaka. Na ɗaya, unguwar da yake ciki ta kasuwanci da masana'antu ce, ba unguwar zaman farare ba, kuma tun asali kowane launi na shiga kasuwar, sai suka fake da wannan. Na biyu, ba sa karɓar ko sisin gwamnati. Da kuɗin tikiti da gudummawar kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane suke tafiya. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su kuwa ba su ci ba.

Yadda suke haɗa wasa

Wannan shi ne zuciyar maganar. Barney Simon ba ya yawan zuwa wurin atisaye da rubutaccen labari. Zai tara 'yan wasa ya ce su fita gari. Wani ya je tashar jirgin ƙasa, wani kotu, wani asibiti, wani ya zauna kusa da mai sayar da nama a bakin titi. Aikinsu su kalla, su saurara, su lura da yadda mutum ke tafiya, yadda yake riƙe hularsa idan yana magana da Bature, yadda muryarsa ke sauyawa idan ya ga ɗan sanda. Sai su dawo su kwaikwaya a gaban sauran. Abin da ya yi rai a riƙe, wanda bai yi ba a zubar. Da haka har labari ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa za ku ga wasanni da yawa na gidan an rubuta cewa darakta da 'yan wasa ne suka ƙirƙira tare.

Wannan salon yana da amfani uku. Ga araha, tunda ba a buƙatar kayan ado. Ga sauƙin ɗauka, wasan da kayansa ke shiga but ɗin mota ɗaya ana iya kai shi coci ko zauren makaranta a Soweto, ko a hau jirgi da shi zuwa Turai. Sannan yana wahalar da masu tacewa, don wasan da ke cikin kan 'yan wasa, yana sauyawa daga dare zuwa dare, ba kamar littafi ba ne da za a karanta a ja layi da jan biro. Ƙari a kan haka suna cakuɗa harsuna: Turanci, Zulu, Xhosa, Sotho, Afrikaans da yaren 'yan tasha. Baƙin da ke zauren sukan fashe da dariya a wurin da Baturen da ke kusa da su bai ji komai ba, kuma wannan kansa wani saƙo ne.

Fitattun wasanni

*Woza Albert! (1981).* In za ku riƙe suna ɗaya, to ku riƙe wannan. Percy Mtwa da Mbongeni Ngema matasa ne da ke yawon wasa a ƙarƙashin Gibson Kente, uban wasannin waƙa na unguwannin baƙi. Sun karanta littattafan Grotowski da Brook, suka ce ai mu ne ma ya kamata mu yi wannan, tunda dama ba mu da komai. Suka daɗe suna atisaye su kaɗai, daga baya suka kawo wa Barney Simon ya taimaka aka tsara shi. Gwamnatin wariya tana tutiyar cewa ita ta Kirista ce, sai wasan ya yi tambaya: da mai ceton da kuke jira, wanda suka kira Morena da harshen Sotho, zai sauka a Afirka ta Kudu yau, ya za ku yi da shi? Amsar da wasan ya bayar ita ce za su kama shi su kai shi kurkukun tsibirin Robben.

Kayan wasan gaba ɗaya: akwatunan katako biyu na shayi, da sandar rataye tufafi. Mutum biyu ne ke fitowa a matsayin wanzami, tsohuwa mai tonon bola, leburan bulo, fursuna, ɗan jarida, har firaminista. In ɗayansu zai zama Bature sai ya ɗora wani ɗan ƙwallo mai ruwan hoda a hanci, shi ke nan. Ƙarar jirgin ƙasa, helikwafta, kayan kiɗa, duk da baki da jiki suke yi. A ƙarshe ana maƙabarta ana kiran sunayen gwarazan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, irin su Albert Luthuli, Robert Sobukwe, Lilian Ngoyi da Steve Biko. Daga nan sunan wasan ya fito, kira ne ga Albert Luthuli, shugaban ANC da ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1960. Wasan ya zagaya Ingila da Amurka, kuma a 1989 shi kansa Peter Brook ya shirya shi da Faransanci a gidan wasansa na Bouffes du Nord. Kun ji yadda ɗalibai suka koma suna ba malami abin koyarwa.

*Sizwe Banzi Is Dead da The Island.* Waɗannan biyun an fara su ne a wani gidan wasa mai zaman kansa a Cape Town mai suna The Space, a 1972 da 1973, amma an sha maimaita su a Market, kuma su ne suka share hanya. Athol Fugard, John Kani da Winston Ntshona ne suka ƙirƙire su tare. Na farko labarin mutumin da dole ya ɗauki littafin izinin wani mamaci, ya bar sunansa ya mutu, don ya samu aiki ya ciyar da iyali. Na biyu fursunoni biyu ne a tsibiri suna shirya wasan Antigone na tsoffin Girkawa a cikin ɗakin kurkuku. Yana buɗewa da dogon lokaci babu magana ko ɗaya, mutum biyu suna kwaikwayon kwasar yashi suna zubawa har gumi na zuba da gaske. A 1975 Kani da Ntshona suka ci kyautar Tony ta gwarzon ɗan wasa tare, wadda ita ce kamar Oscar a duniyar wasan daɓe ta Amurka. Shekara ɗaya bayan haka aka kama su aka tsare a yankin Transkei saboda wasan Sizwe Banzi ɗin dai.

*Born in the RSA (1985).* A shekarar ne gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka ɗaure bakin jaridu. Sai Simon da 'yan wasansa suka mayar da dandali jarida mai rai: suka tattaro labaran tsare mutane ba shari'a, azabtarwa da 'yan leƙen asiri da ake dasawa cikin ɗalibai, suka faɗe su a gaban jama'a. Gcina Mhlophe ta ci kyautar Obie a Amurka da rawar da ta taka a ciki. A 1986 ta kawo nata wasan, Have You Seen Zandile?, kan rayuwar yarinya da kakarta.

*Asinamali! da Bopha!* Bayan Woza Albert! kowa ya kama gabansa. Ngema ya yi Asinamali!, ma'ana ba mu da kuɗi, fursunoni biyar masu askakken kai suna ba da labarin yadda suka tsinci kansu a kurkuku, daga rikicin kuɗin haya na unguwar Lamontville kusa da Durban. Mtwa ya yi Bopha!, ma'ana kama, kan baƙar fata ɗan sanda wanda ɗansa ɗan gwagwarmaya ne. Masu son fim, ku lura: Bopha! ya zama fim a 1993, Danny Glover da Alfre Woodard suka fito, kuma shi ne fim na farko da Morgan Freeman ya ba da umarni.

*Othello (1987).* Tsohon wasan Shakespeare ne, to ina gwajin yake? Janet Suzman ta sa John Kani ya fito a Othello, farar fata Joanna Weinberg ta fito a matarsa Desdemona. Shekara biyu kacal da soke dokar da ta haramta aure da soyayya tsakanin launuka. Ba a sauya labarin ba, zaɓen 'yan wasan kawai ya isa ya mayar da shi maganar siyasa.

*Sarafina! (1987).* Ngema ne ya rubuta ya kuma shirya, shi da Hugh Masekela mai busa ƙaho suka yi kiɗan. Ya tattaro matasa, akasarinsu ba su taɓa hawa babban dandali ba, ya horar da su wata da watanni. Cikinsu akwai Leleti Khumalo. Labarin ɗaliban makarantar Morris Isaacson ta Soweto ne. Daga Market aka wuce da shi Amurka, a Janairun 1988 ya hau Broadway, ya shiga takarar Tony a rukuni biyar. A 1992 Darrell Roodt ya mayar da shi fim, Anant Singh ya ɗauki nauyi, Whoopi Goldberg ta fito a malama, Miriam Makeba a uwar Sarafina, John Kani a shugaban makaranta, Ngema kansa a ɗan sanda. Wannan ne wanda muka kalla.

Fuskokin da za ku gane

John Kani shi ne Sarki T'Chaka, mahaifin Black Panther, a Captain America: Civil War (2016) da Black Panther (2018). Ɗansa Atandwa Kani ne ya fito a T'Chaka yana matashi. Shi ne kuma muryar Rafiki a The Lion King na 2019. Wasansa Nothing But the Truth na 2002 ya zama fim, ya zo na biyu a babbar gasar FESPACO ta Wagadugu a 2009.

Winston Ntshona ya fito a The Wild Geese, A Dry White Season da Blood Diamond. Ya rasu a 2018.

Leleti Khumalo ta fito a Hotel Rwanda da Invictus, kuma fim ɗinta Yesterday na 2004, da harshen Zulu, ya shiga takarar Oscar.

Mbongeni Ngema ya rasu a hatsarin mota a Disambar 2023. Athol Fugard ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 92.

Ba wasa kaɗai ake yi ba

Masu son kiɗa, a harabar gidan a da akwai kulob ɗin jaz mai suna Kippies, wanda aka sa wa sunan Kippie Moeketsi, gwanin busa saksafon. A ƙarshen shekarun 1980 Simon da Kani suka buɗe Market Theatre Laboratory, makarantar horar da matasa 'yan unguwannin talakawa waɗanda ba su da hanyar zuwa jami'a. A 1989 mai ɗaukar hoto David Goldblatt ya kafa Market Photo Workshop, inda Zanele Muholi ta yi karatu. Gwajin ma bai tsaya da faɗuwar wariya ba. Mai zane William Kentridge da kamfanin 'yar tsana na Handspring sun haɗa mutum, 'yar tsana ta katako da zanen gawayi mai motsi a allo a wasanni irin su Woyzeck on the Highveld (1992) da Ubu and the Truth Commission (1997). Handspring ɗin ne daga baya suka ƙera dawakin wasan War Horse na Landan.

Sukar da aka yi masa

Kada in yi ta yabo kamar maroƙi, gidan ya sha suka, kuma wasu daga ciki suna da tushe. Na farko, masu riƙe da ragamar a shekarun farko farare ne, labarin da gumin kuwa na baƙi. Wasu 'yan gwagwarmaya suna ganin bai kamata baƙar fata ya bi ta hannun Bature kafin a ji muryarsa ba, komai kyan niyyar Baturen. Na biyu, gidan yana tsakiyar gari, Soweto kuwa tana da nisa, ga kuɗin tikiti, ga wahalar mota da dare, ga 'yan sanda a hanya. Saboda haka sau da yawa masu hali ne ke cika zauren. Na uku, an ce gwamnati ta ƙyale shi ne don ta nuna wa duniya cewa akwai 'yancin magana, alhali irin wasan nan in an kai shi cikin unguwar baƙi sai a hana. Na huɗu, da kasuwar Turai da Amurka ta buɗe, wasu suka fara haɗa wasan kuka da rawa don baƙi 'yan waje kawai.

A ganina duk da haka alherinsa ya rinjayi. A ƙasar da doka ta hana mutum biyu zama a benci ɗaya, samun zauren da za su zauna kafaɗa da kafaɗa su ji gaskiya ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ta nan ne duniya ta ga fuskar abin da jaridu ba sa iya bugawa.

Yau fa?

Bayan zaɓen 1994 gidan ya shiga wani hali. Abokin gabar da ake wasa a kansa ya faɗi, Barney Simon ya rasu a 1995, masu kuɗi suka ƙaurace wa tsakiyar Johannesburg, 'yan kallo suka ragu. Daga baya aka farfaɗo da unguwar Newtown, aka buɗe gadar Nelson Mandela a 2003 wadda ta sauƙaƙa shiga. Gidan da ya yi suna da ƙin kuɗin gwamnati yanzu yana cikin cibiyoyin al'adu da gwamnati ke tallafa wa, abin da wasu ke gani a matsayin nasara, wasu kuma suna tambayar ko zai iya cizon hannun da ke ba shi. Zaurukansa uku suna ɗauke da sunayen John Kani, Mannie Manim da Barney Simon, kuma har gobe ana wasa.

Me ya shafe mu?

Mu ma fa daga daɓe muka fito. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano ne suka haifi finafinan Hausa, Turmin Danya na 1990 aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma, tun shekarun 1970, ɗaliban wasan kwaikwayo ke shiga Samaru da ƙauyuka su saurari matsalolin mutane su haɗa wasa a kai, kusan irin abin da Simon ke yi. Ga kuma tashe, inda yaro da gemun auduga da tsumma ke zama tsoho, kowa ya yarda. Wato salon ba baƙo ba ne a wurinmu, sakaci muka yi da shi.

Sau nawa kuka ji matashi na cewa yana da labari amma ba shi da kyamara, ba shi da furodusa, ba shi da gidan da za a ara masa? Mtwa da Ngema akwati biyu gare su. Abin da suka kashe shi ne lokaci: watanni suna horar da murya da jiki, suna kallon mutanen titi har suka iya zama su. Kyamara tana ɗaukar abin da ɗan wasa ya kawo ne kawai, in bai kawo komai ba ko ta miliyan nawa ce ba za ta ƙirƙira masa ba.

Ga shawarata ga masu sha'awar harkar. Ku samu abokai biyu ko uku, ku je tasha ko bakin asibiti ko layin gidan mai, ku zauna awa ɗaya kuna kallo ba tare da taɓa waya ba. Ku dawo kowa ya kwaikwayi mutum uku da ya gani, ba tare da sauya riga ba, sauran su faɗi ko su wane ne. In sun gane, kun fara. Sannan in kun sake kallon Sarafina, ku lura da yadda 'yan makarantar ke motsi tare kamar jiki ɗaya, da yadda waƙa ke ɗaukar labarin ta kai shi gaba. Wannan horon daɓe ne, daga tsohuwar kasuwar Newtown ya fito.